Re: Albam ɗin Rhapsody na takobi da dodanni, da gaske suke ko wasa?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce wani ya turo maka Symphony of Enchanted Lands ka saka a kunne, kiɗan ya tafi da kai amma da wani mutum ya fara magana da murya mai kauri a kan dodo da takobi sai dariya ta kuɓce maka, yanzu kana so ka sani shin mutanen nan da gaske suke ko raina mana hankali suke yi, kuma ya cancanci ka ɓata lokacinka a kai.

Toh da gaske suke, wlh babu ko ɗigon wasa a ransu, kuma dariyar da ka yi ma daidai ce. Mu da muka daɗe muna jin abin har yau muna yinta. Sai dai shirmen da ke cikin albam ɗin nan iri biyu ne, akwai wanda shi ke ɗauke da kiɗan, in ka cire shi komai ya rushe, akwai kuma wanda tsayar da kiɗan kawai yake yi ya bar ka kana jira. Yawancin masu zagin albam ɗin suna haɗa su ne su yi musu kuɗin goro.

Su dai 'yan Italiya ne, daga garin Trieste, masu kiɗan metal, wato kiɗan rock mai nauyi da ƙarar jita, a lokacin mutum biyu ne ƙashin bayan abin, Luca Turilli mai jita da Alex Staropoli mai kibod, sai Fabio Lione mawaƙi. Albam ɗin farko Legendary Tales 1997, wannan naka shi ne na biyu 1998, a Jamus aka ɗauke shi wajen furodusa Sascha Paeth da Miro. Labari ɗaya suka ja har albam biyar, ya ƙare a Power of the Dragonflame 2002. Idan kana nemansu yanzu ka rubuta Rhapsody of Fire, rikicin mallakar suna ya sa suka canza a 2006.

Labarin kuwa kada ka sa rai da yawa. Wani jarumi ne da ake kira jarumin ƙanƙara, zai nemo makullai uku ya buɗe ƙofofin hauren giwa ya ɗauko takobin zumurrudu ya yaƙi wani mugun sarki Akron ya ceci ƙasa, akwai tsohon boka na kirki, akwai dodo mai fukafukai sunansa Tharos. Shi kenan. Har taswirar ƙasar suka zana a ɗan littafin da ke cikin kwalin CD, da duwatsu da dazuzzuka da sunayen garuruwa, yadda ka san littafin Tolkien, marubucin Lord of the Rings, sai dai shi Tolkien farfesan harshe ne ya share shekaru yana gina duniyarsa, su kuma samari ne masu jita da suka karanta irin littattafan suka kamu.

Yanzu ga inda ƙarfin yake. Saka Emerald Sword, waƙa ta biyu, amma kar ka tsallake gajeren buɗin da ke gabanta, wanda 'yan amshi ke rerawa da Latin, don shi ke ɗaga ka sama kafin a sake ka. Ka saurari ƙafar mai ganga, ganguna biyu yake takawa babu tsayawa kamar sukuwar doki, jita tana bin sa a ƙasa, goge irin na Turawa yana yawo a sama. Baitin yana tafiya a ɗan duhu, sai a zo wani gajeren wuri kafin amshi inda komai ke hawa mataki mataki, sannan amshin ya buɗe da muryoyi masu yawa a tare. Wannan hawa da buɗewar shi ne sana'ar gaba ɗaya, kuma ba kowa ya iya ba. Na ji ƙungiyoyi barkatai da suka kwaikwayi salon, suna da gudun, suna da dodon a bangon faifai, amma amshinsu ba ya zama a kai, ka gama ji ka manta. Na waɗannan kuwa ji ɗaya za ka yi ka tsinci kanka kana rera shi kana wanke hannu.

Kuma amshi irin wannan ba ya yiwuwa da kunya. Kalmomin kirari ne zalla, ɗaukaka, nasara, sarki, ƙasa, ƙarfe, wuta, kuma ai mai kirari ba a tsayar da shi a ce kawo hujja, ko dai ya cika baki har ƙarshe ko ya yi shiru. Da Lione zai rera wannan layin yana ɗan murmushi don ka san shi ma ya san abin dariya ne, da waƙar ta mutu nan take. Yana rerawa ne kamar gobe za a kai shi fagen fama, da wannan karkarwar murya tasa irin ta masu opera, shi ya sa kake yarda na minti huɗu ko da hankalinka yana ce maka kai malam takobin ƙarya ne fa. Wannan shi ne shirme mai amfani.

Abu na biyu da ba a cika yaba musu ba, kayan kiɗan gargajiyar Turai da suka zuba ba ado ba ne kawai. Wasu ƙungiyoyin sai sun gama waƙarsu ta metal tsaf sannan su shafa kibod a sama kamar fenti. A nan kuwa ka je The Dark Tower of Abyss ka ji tsakiyarta, jita da ganga suna ja baya gaba ɗaya a bar goge da hafsikod, wani kayan kiɗa na da mai kama da fiyano, suna zance da juna irin na zamanin Vivaldi, tsohon mai tsara kiɗa na Italiya, kuma da jitar ta dawo abin da gogen ya fara take ƙarasawa. Asalin waƙar a haka aka rubuta ta. Turilli a solo ɗinsa ma haka, wato inda jitarsa ke fitowa gaba ita kaɗai, yatsu na sharar igiyoyi sama da ƙasa da gudu, hanyar da Yngwie Malmsteen na Sweden ya shahara da ita tun shekarun 1980. Gudun da amshin kuma gadon ƙungiyar Helloween ne ta Hamburg, su suka kafa tubalin da albam ɗinsu biyu na Keeper of the Seven Keys a 1987 da 1988. Abin da 'yan Trieste suka ƙara shi ne kiɗan fim, su da bakinsu Hollywood metal suke kiran abin nasu a lokacin.

Toh sai ɗaya shirmen, wanda ya ba ka dariya. Mai ba da labarin nan. Kai jama'a. Ana tsaka da tafiya sai a kashe wuta a ba shi fili ya yi ta jan kalmomi yana numfashi sama sama kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa, kuma abin da yake faɗa bai taka kara ya karya ba, ka je can ka ɗauko kaza, kaico dodo ya tafi. Waƙar ƙarshe mai sunan albam ɗin ta haura minti goma sha uku, tana da wurare masu kyau sosai, muryar mace ta shigo, sarewa, amshi mai nauyi, amma sai ka haye jimamin dodo tukuna kafin ka kai gare su. Ni dai a nan nake danna gaba, ba na ɓoyewa. Matsalar a wajena ba wai yarinta ba ce, ai amshin ma yarinta ne, matsalar ita ce babu waƙa a ƙarƙashinsa da za ta riƙe shi, magana ce tsirara, kuma magana tsirara tana buƙatar rubutu mai kyau da ɗan wasa mai kyau, su kuma a 1998 ba su da ko ɗaya.

Turancin ma haka. Turilli ke rubutawa kuma ba harshensa ba ne, sai ka ga an jera sifa uku a kan suna ɗaya, komai mai girma ne, komai madawwami ne, komai mai tsarki ne, Lione kuma yana furta su da harshen Italiya, yana sa nauyi a gaɓar da ba nan take ba. A cikin amshi wannan bai dame ni ba ko kaɗan, har wani daɗi yake ƙarawa. A waƙar sanyi irin Wings of Destiny inda fiyano da murya ne a gaba, nan ne kowace kalma ke fitowa fili ka ji ta ƙwal.

Akwai kuma wani aibi da ba na dariya ba, wanda in kai mai son metal mai nauyi ne zai fi damunka. Jitar rakiya siririya ce a albam ɗin nan, an tura ta baya don a ba goge da muryoyi wuri, bes kuwa, wato jita mai kaurin sauti, sai ka kasa kunne sosai. Idan ka fito daga jin su Metallica ka shigo nan za ka ji kamar an cire wa abin ƙashi. Riff, wato ɗan salon jita da ake ta maimaitawa, waɗanda za ka tuna don kansu ba su da yawa, jitar aikinta ta yi ta gudu a ƙasa. Kuma ganga kusan taku ɗaya ne daga waƙa zuwa waƙa, in ka ji albam ɗin a zama ɗaya wajen waƙa ta takwas kunne ya fara gajiya. A sifikar waya kuwa kar ma ka fara, duk zai dunƙule ya zama ƙara, nemi iyafis mai kyau.

Wani abin da ke ba ni mamaki, daga baya sun samu kuɗi sun gyara duk abin da ake musu dariya a kai. A 2004 suka yi kashi na biyu na wannan albam ɗin, suka ɗauko cikakkiyar okestra, wato babbar ƙungiyar masu goge da bushe-bushe, daga ƙasar Czech, mai ba da labari kuma suka kawo Christopher Lee da kansa, Saruman na fim ɗin Lord of the Rings, yana da shekara tamanin da ɗoriya a lokacin. Muryarsa kam ba a magana, in ya ce duhu na zuwa sai ka waiga. Amma ka tambayi masu bin su wanne suka fi komawa, da yawa za su ce maka na 1998, ni ma ina cikinsu. Na 2004 ya fi tsada ya fi tsafta, sai dai waƙoƙin sun yi tsawo sun yi nauyin jiki, okestra ta samu wuri ta baje, wannan yunwar ta samari masu son nuna duk abin da suka iya a minti biyar ta ragu.

Ka ce ko akwai wanda ya fi su hankali a wannan layin. Akwai, Blind Guardian na Jamus sun fitar da Nightfall in Middle-Earth a shekarar 1998 ɗin dai, a kan littafin Silmarillion na Tolkien, jitarsu ta fi nauyi, rubutun ya fi girma, duk da su ma suna da 'yan guntayen wasan kwaikwayo tsakanin waƙoƙi da ƙarar takubba da za su sa ka murmushi. Idan kuma so kake a yi dariyar tare da kai, Gloryhammer tun albam ɗinsu na farko a 2013 abin da suke yi kenan, sun san wasa suke kuma sun iya kiɗa. Ni dai ba su cika riƙe ni ba, raha sau biyu uku ka ji ta ta ƙare.

Shawarata kar ka sake farawa daga farko zuwa ƙarshe yanzu. Ji buɗin da Emerald Sword, ka wuce Wisdom of the Kings, ka tsallaka zuwa The Dark Tower of Abyss, sai ka ajiye. In bayan kwana biyu ka ji ɗaya daga cikin amshin yana yawo a kanka toh ka kamu, sai ka koma ka ji duka har da mai jimamin dodo, daga nan ka nemi Dawn of Victory na 2000, can jitar ta fi fitowa gaba kuma sun rage surutu. In kuma babu abin da ya zauna, kyale shi kawai, sauran albam huɗun ba za su canza maka ra'ayi ba.