Ga ɗan uwan da ke tambayar yadda mashayin shayi zai yi zaman gida

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce ka faɗi da babur, likita ya ɗaure ƙafar ya ce babu fita sai bayan wata uku, kuma rashin fada, wato majalisar hirar abokai, da shayinta ya fi ciwon damunka. Kana son mu da muka ga zaman korona mu faɗa maka yadda muka cinye kwanakin. To ga nawa.

Mu a Maraɗi ba a kulle mu kamar mutanen Yamai ba. Su ne aka killace garinsu a ƙarshen watan Maris na 2020, aka sa musu dokar hana fitar dare. Amma abin da ya same mu ma ba kaɗan ba ne. Tun jawabin shugaba Isufu Mahamadu na 17 ga Maris aka rufe lakwal, aka rufe iyakoki, aka hana taro. Ranar 19 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, daga baya kuma aka hana jam'i a masallatai. Ni da nake ɗauko kaya ta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, da ma tun watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta kasuwata ta kwanta. Korona ta zo ta tarar da ni zaune, ta kuma watsa fadarmu, wadda ita ce kaɗai ta rage mini wurin rage zafi.

Shawarar da zan fi ƙarfafa maka ita ce kada ka bari wani ya dafa maka shayin ya kawo maka a fulas. Kai za ka dafa da hannunka. Wanda aka miƙa wa kofi cikin minti biyu ya shanye, sauran yinin ya ci gaba da kallon rufi. Wanda ya zauna gaban murhu kuwa, awa guda da rabi za ta wuce bai sani ba, kuma aikin duk na zaune ne, ƙafarka ba ta da hannu a ciki.

Ga yadda nake yi. Yaro ya hura gawayi a murhun waya, in jira har harshen wutar ya kwanta, sai garwashi. Ganyen nan kore da ake kawo mana daga Sin nakan zuba masa ruwan zafi kaɗan in girgiza in zubar, ƙura ta fita. Sannan in ɗora butar a gefen garwashin, ba tsakiyarsa ba, ta yi ta tafasa a hankali har ƙamshin ya juya, ruwan ya yi duhu. Sau uku ake dafa shi. Na farko ba na sa masa komai sai sukari kaɗan, don a nan ne ake gane ganye mai kyau da na banza. Kumfa kuma ba a yi mata gaggawa. Ka ɗaga butar sama ka tsiyaya a kofi, ka mayar, ka sake, har kumfar ta tsaya da kanta a bakin kofin ko an zube ruwan. Na biyu shi ne na na'a-na'a, kuma ana jefa ta ne dab da saukewa, in ta daɗe a wuta ƙamshinta tashi yake. Na uku nakan sa citta da kanumfari biyu ko uku, shi ne wanda uwargida da yara manya suke jira.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: kada zafin rana ko ƙura su sa ka shigar da murhu cikin ɗaki ka rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Kai da ba ka iya miƙewa da sauri, a tsakar gida ko zaure mai iska za ka zauna.

Shayin ne ya tsara mini yini. Ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar, shi ke nan. Na dare na bar shi, domin mutumin da bai motsa jiki ba in ya sha na farko bayan isha'i, sai asuba ta riske shi ido biyu. Na kuma daina haɗa shi da abinci, nakan bar tazarar awa guda, saboda shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, kai kuwa yanzu jini da ƙarfi kake nema. Sukari ma ka rage, tunda ba zirga-zirga kake yi ba.

Zaman tsakar gida ne ya kai ni ga girki. Murhuna yana kusa da na uwargida, ina kallon abin da take yi, wata rana na ce ta ba ni zogalar in tsinke. Daga nan na koyi dambu. Zogalar Jiratawa muke saye, a tsinke ganyen daga itacen, a wanke, a gauraya da tsakin masara da aka jiƙa, a turara a madambaci. Abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake ci, sau biyu ake turarawa: a sauke, a yayyafa ruwa, a murje da hannu kada ya dunƙule, a mayar. Sai man gyaɗa da aka soya da albasa, da dakakken ƙuli-ƙuli, da yaji. Wanda ya ce girki ba na namiji ba ne, ya je tasha ya ga su waye ke kan tukwanen shinkafa da wake, su waye kuma ke shanya kilishi. A wurina ma taimakon iyali lada ne, kuma a watannin nan na san nauyin da matar gida ke ɗauka tun asuba.

Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsakiyar bazara, ga zafin da kowa ya sani, ga tarawihi a gida. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a duk zaman, jin kiran salla ba tare da ka fita ba. Na ja iyalina salla har zuwa 13 ga Mayu da aka sake buɗe masallatai. A lokacin ne na karɓi aikin kunun aya. Aya tamu ce, jihar Maraɗi ce kan gaba wajen nomanta a ƙasar nan, ta wajen Agye da Cadawa. A jiƙa ta kwana, a tsince tsakuwa, a kai niƙa da dabino da ɗan citta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ba ta jure zafi ko kaɗan, in babu ƙanƙara kafin dare ta yi tsami, don haka wanda za a sha a ranar kawai ake yi. Tsince aya da tsinke zogala duk za ka iya daga kan tabarma.

Sauran lokacin na ba shuka. Na yanka tsoffin jarkoki na cika da ƙasa da takin awaki, na dasa reshen na'a-na'ar da na sayo a kasuwa, na ajiye inda rana ba ta dukansu da azahar. Ruwan alwala nake tara musu. Har yau ban sake sayen na'a-na'a ba. Da yamma kuma in haƙa gurabun dara a ƙasa in koya wa yara, rediyo na gefe muna jin labarai.

Akwai abin da ka fi mu. Mu an hana mu haɗuwa, kai kuwa ba wanda ya hana a zo maka. Ka gaya wa 'yan fadarku kada su taho gaba ɗaya ranar farko su cika gida sannan a daina ganinsu. Su raba kwanaki, bibbiyu bayan la'asar, wani ya riƙo ganye wani gawayi. Kowa kuma da kofinsa. Wannan al'ada tun korona muka ɗauke ta a fadarmu, mun bar zagaya kofi biyu tsakanin mutum goma, kuma ban ga abin da ta rage wa hira ba. Magungunan da aka rubuta maka, ka tambayi likitan ko akwai wanda bai jituwa da shayi, ka sha su da ruwa. Allah ya ba ka lafiya, ya tashi kafaɗunka.