In an kawo maka saƙon "na ɗauke ka a bidiyo"

Kana tambaya me za ka yi wa mutumin da ya shigo jiki na ɓari, an turo masa imel wai an ɗauke shi a kyamara yana kallon batsa, ya biya da Bitcoin cikin awa 48 ko a tura wa danginsa. Ajiye wayar nan tukuna, yaro, ka saurara.

Ka tono mini abin da har yau yake ci mini rai. Wani ɗan kasuwa mai mutunci ya taɓa kawo irin wannan saƙo. Yaron da ya karɓe shi, da ya ga kalmar sirrin mutumin ɓaro-ɓaro a kan saƙon, sai ya ce an shiga kwamfutar, ya goge ta kakaf bai kwafi komai ba. Lissafin bashin da mutumin yake bi duk ya tafi. Ashe ma ya riga ya biya, kunya ta hana shi faɗa. Ba a jima ba saƙon ya dawo, an ninka kuɗin. Kwamfutar kuwa lafiyarta ƙalau tun farko. Mutumin bai sake tako mana ba.

Ku yaran yanzu hannunku ya fi kanku sauri. Kalmar sirrin da ke cikin irin wannan saƙo ba daga na'urar mutum aka ciro ta ba. Tsohuwa ce, daga kutsen da ake yi wa manyan shafuka, irin na LinkedIn a 2012 da bayanansa suka bazu a 2016. Tun 2018 ake watsa saƙon iri ɗaya ga ɗimbin mutane. Sa adireshin imel ɗinsa a shafin Have I Been Pwned, mai nuna kutsen da bayanan mutum suka fita a ciki, ya gani da idonsa inda ta zube.

In saƙon ya nuna kamar daga adireshinsa ya fito, shi ma dabara ce, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin mai aikawa. Duba akwatin saƙonnin da ya tura, ba za ka same shi ba. Buɗe asalin saƙon a Gmail, yawanci za ka tarar SPF ko DMARC, wato gwajin tabbatar da ainihin mai aikawa, bai wuce ba. Kuma ka lura, mai bidiyo na gaske nunawa yake yi. Wannan surutu kawai yake.

Kada ya biya, kada ya ba da amsa, kada ya buɗe PDF ɗin da ke maƙale. Canja kalmar a duk inda ya maimaita ta, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Abin da ake yawan mantawa shi ne saitin tura wasiƙu ta atomatik da jerin na'urorin da suka shiga asusun. Baƙuwar na'ura ko baƙon adireshi a can, shi ne kutse na gaske.

In kuwa an turo ainihin hotonsa, magana ta canja. Nan ma babu biya. Ɗauki hoton allo, kada a goge komai, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Akwai shafukan da ke taimakawa a hana yaɗa irin wannan hoto: babba ya yi amfani da StopNCII, wanda bai kai 18 ba kuma Take It Down, kuma a kira iyayensa. Bakinka kuma ka kama shi, ko ni ba sai ka faɗa wa sunansa ba.