Baffa, ga bayanin ganye ukun da ke wuyan rigunanmu

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, inda kuke tambaya ko mu Hausawan Legas mun fara ɗaukar alamomin coci ne, tunda kuna yawan ganin zanen ganye uku a wuyan kaftanin yaranmu da jikin ƙyauren gidajenmu. Ba ku kaɗai ba, kusan duk baƙon da ya sauka Agege daga gida sai ya yi wannan tambaya, wani a fili, wani da ido.

Bari in fara da abin da kuka ji, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Turawa suna da wata 'yar ciyawa mai ganye uku a kan tsinke ɗaya, dabbobinsu na kiwo a kanta. Mutanen Ailan sun mayar da ita tambarin ƙasarsu, kuma suna ba da labari cewa waliyyinsu Patrick da ita ya yi wa kakanninsu bayanin aƙidarsu ta uku cikin ɗaya. Har yau ranar 17 ga Maris suna maƙala ta a ƙirji. Magina coci a Turai ma sun daɗe suna yanka wannan siffa a saman tagogi, tsofaffin cocin cikin tsibirin Ikko kuwa irin ginin can suka kwaikwayo. To wanda ya ce muku ana ganinta a coci bai yi ƙarya ba.

Sai dai ba nan ta tsaya ba, ba kuma daga nan ta fara ba. Ku da kuka tsufa a gona, ku tsinko ganyen wake ku duba, uku ne a haɗe. Gurjiya haka, waken suya haka, gyaɗa ce ta fita daban da huɗu. Harawar waken da ake jibgewa a kasuwar raguna gab da babbar Sallah duk wannan ganye mai uku ne. A Masar kuwa dangin ciyawar Turawan nan ce manoma ke shukawa da sanyi, suna kiranta barsim, su yanka wa shanu da jakuna, ita kuma ta bar musu ƙasa da ƙarfi kamar yadda wake ke yi mana. Musulmi ma sun gina da ita. A babban masallacin Kurɗuba ta Andalus, a ɓangaren da Halifa Alhakam na biyu ya ƙara bayan hawansa mulki a 961, saman mihrabin akwai jerin ƙananan bakunan gini, irin bakan gizo, masu kai uku-uku. Waɗanda suka yi wannan aiki sun fi mu sanin abin da ya dace da alƙibla.

Yadda ta shigo hannunmu a nan kuwa ba wani sirri. Mu mutanen zango ne. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su, jirgin ƙasa ya ƙara musu yawa bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, suka tarar da gari mai kwasar ado daga ko'ina. Bayin da aka 'yanta suka dawo daga Barazil sun zo da sana'ar gini, suna yi wa saman ƙofa da taga furanni da ganyaye na shafe, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Bayarabe Musulmi ya tashi yana ganin ganye a goshin masallacinsa, bai taɓa jin wani abu ba. Yarabawan nan su ne maƙwabtanmu, da yawa surukanmu ne, su ne kuma ke kawo mana rabin ɗinkin da muke ci da shi. Leshin kasuwar Balogun cike yake da wannan zane, mai walda ma ya fi son sa don lanƙwasa ƙarfe sau uku ba wuya.

Amma kada ku ɗauka ba mu da iyaka. Muna da ita, a bakin allura take. Idan zan ɗora ganye uku a wuyan shadda, nakan fara zana shi a takarda, in manna ta ƙasan yadin. Ganyen tsakiya nake fara cikewa da zare, sannan na dama da na hagu, kowanne in ba shi ciki ya yi ɓul-ɓul, bakinsa ya ɗan yi tsini. Tsinken shi ne wurin lura. In ka miƙe shi sambal ka ja shi da tsawo, ganyayen kuma suka rame, daga nesa gicciye mutum zai gani, ko da ba shi ka nufa ba. Shi ya sa kowane tela da ya koyi aiki a hannun manya a unguwarmu yakan karkata tsinken, ya gajarta shi, ko ya saƙa shi cikin na kusa su zama reshe. Yaron shago in ya miƙar da shi, maigida ba ya doguwar magana, reza zai miƙa masa ya farke. Haka muke yi da mai walda in za a yi ƙofar masallacin unguwa: dattawa sai sun ga zanen a ƙasa da alli kafin a kunna wuta.

Sannan akwai inda ba ya shiga sam. Babbar rigar Juma'a da ta ɗaurin aure tana nan da aska biyu ko aska takwas da tambarinta, hula tana nan da zanenta na gida, dagi kuma ba wanda ya ture shi. Mai hali ma har yanzu Zariya yake aikawa a yi masa aikin hannu, ya jira wata da watanni. Ganye na kaftani ne, da rigunan mata, da anko.

Ni abin da ya fi damuna wani ne daban. Ɗaya, 'yan kunne da sarƙoƙi masu ganye huɗu da suka cika kasuwa, waɗanda wasu 'yan mata suka ji an ce Turawa na ɗaukarsu abin kawo sa'a, har suka fara faɗa da bakinsu. Wannan camfi ne, malamanmu suna tsawatarwa a islamiyya, kuma sun kyauta. Na biyu, keken aiki mai kwamfuta. Yaro zai sauko da zane ɗari daga intanet, ya danna, injin ya zuba shi a riga cikin minti kaɗan, bai san daga ina ya fito ba, ba kuma maigidan da ya duba tsinken. Idan kun ga wata riga daga Legas da zanenta bai kwanta muku ba, ku juya cikinta. In kun ga zaren ya kwanta tsaf kamar bugu, babu ƙulli ko ɗaya na hannu, to daga irin waɗannan shagunan ta fito, kuma mu ma a ƙungiyar teloli muna kan magana da su.

A gaida Inna da mutanen gida.