Yadda ake gane malamin lesin nagari

Hajiya, kin tambayi yadda za ki zaɓi malamin lesin ga ɗanki na aji biyu na babbar sakandare da lissafi ke ba wuya. Kada takardun digiri su ruɗe ki, ranar farko za ki gane shi.

Malamin kirki ba ya fara koyarwa sai ya gwada yaro. Zai ba shi tambayoyi kamar 15 daga darussan ƙaramar sakandare, ya duba inda yake tuntuɓe. Sau da yawa matsalar tun daga can take: rabawa, kaso cikin ɗari, lambobi masu alamar ragi. In ba a gyara wannan ba, aljabara ba za ta zauna ba.

Ki leƙa lokacin darasi. Biro a hannun wa yake? In malam ke ta rubutu yaro na gyaɗa kai, kuɗinki ke tafiya a banza. Haka wanda ke yi masa aikin gida: makin aji zai tashi, ranar WAEC kuma asiri ya tonu.

Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya wadatar, amma ba da zarar ya dawo daga Islamiyya a gajiye ba. Su zauna a falo ko zaure, waya a ajiye. Duk ƙarshen wata malam ya yi gwaji da tsofaffin tambayoyin WAEC, ya nuna miki takardar. Batun kuɗi da rama ranar da ya yi fashi, ku yanke shi tun farko.