Amsa: Mene ne bikin Vesak?

Malam, ka tambaya ko Vesak ɗin da ka ga ana kunna fitilu a Sri Lanka shagali ne kawai. A'a, ibada ce babba a wurin mabiya addinin Buddha.

Ana yin sa ne ranar da wata ya cika, galibi cikin Mayu. Abu uku suke tunawa a rana ɗaya: haihuwar Buddha, wanda ya kafa addininsu, a Lumbini ta ƙasar Nepal, wayewar da suka ce ya samu a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya ta ƙasar Indiya, da rasuwarsa a Kushinagar, ita ma a Indiya, yana ɗan shekara 80. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da ranar a 1999.

Masu ibada kan sa fararen kaya su wuni a wurin bauta, ba sa cin abinci bayan rana ta take. A Sri Lanka ana rufe mayanka da shagunan giya, a kafa rumfunan abinci kyauta a bakin titi, kowa ya zo ya ci, ba a tambayar addininka.

Furen da suke ajiyewa gaban gunkin Buddha shi ya fi jan hankalina. Da safe shar, kafin dare ya yanƙwane, kuma da gangan ne: suna tuna wa kansu jikin ɗan Adam ma haka zai yi.