Tambaya da Amsa: In tattara in koma Abuja ko in zauna a Funtua?

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Funtua, shekarata 12 ina ɗinkin maza, ina da shago da kekuna uku da yara biyu da nake koya wa, mata ɗaya da 'ya'ya uku. Abokina da muka koyi aiki tare ya koma Kubwa shekara huɗu kenan, kullum sai ya kira ni yace wlh zaman me kake a nan, kuɗin kaftani ɗaya a Abuja sai ka ɗinka uku a gida baka samu ba. Gsky abin ya fara shiga raina, har na fara tunanin saida keke biyu in haɗa kuɗin haya in kwashi iyali. Maman yara dai bata so amma tace duk abin da na yanke. Dan Allah a bani shawara.
Daga wani tela, Funtua

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, wannan kam in fara da ita, kuɗin ɗinki a Abuja ya fi na Funtua nesa ba kusa ba, kuma garin ƙara cika yake kullum. Tun da gwamnati ta bar Legas ta tare can a watan Disamba 1991 ake ta kwarara, ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan miliyan 1.4 a yankin birnin tarayya, yanzu kuwa je ka tsaya a Nyanya da ƙarfe bakwai na safe ka gani da idonka. Ma'aikata, 'yan siyasa, masu neman kwangila, kowa na son shadda mai aikin wuya ranar Juma'a, kuma akwai waɗanda basa tambayar nawa ne, su dai a gama musu a kan lokaci.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba. Abujar da kake gani a hoto, Maitama da Asokoro da Wuse 2, ba nan zaka kwana ba. Kai da iyali mutum biyar inda aljihunka zai kai shine Mararaba ko Masaka, waɗanda ma cikin jihar Nasarawa suke, ko Suleja ta jihar Neja, ko Zuba, Dei-Dei, Gwagwalada, in ka yi sa'a wani lungu a Kubwa. Kuma haya can ba wata-wata bace, shekara guda ake dirar da ita gaba ɗaya, ga kuɗin ejen ga wani kuɗi da mai gida zai riƙe wai ko zaka ɓata masa ɗaki, sannan ka dawo ka nemi shago shima haka, to keke biyu da zaka sayar ina zasu kai ka? Ka tambayi abokin naka nawa yake biya a shago da gida a shekara, ya faɗa maka da lamba, ba "ana dai maneji" ba.

Sai maganar mota, ita ce ma tafi cin mutane a ɓoye. In kana Mararaba shagonka na cikin gari, hanyar Keffi zuwa mahaɗar AYA ta shiga Abuja safe da yamma gosulo ne da zai cinye maka awanni, tela kuma lokacinsa shine jarinsa, tun aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya zama wani abu daban, acaɓa kuma an hana shi a tsakiyar birni tun 2006 zamanin El-Rufai yana minista. Ga 'yan wan cans da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, baƙo suka fi samu don bai san wace mota ake shiga ba. Ruwa a unguwanni da yawa sai ka saya wajen mai ruwa da kura, wuta in ta ɗauke janareto, makarantar yara kuɗi, hatta maƙwabciyar da maman yara zata bar wa jinjiri ta leƙa asibiti sai an nema. Ina ganin rashin son da take yi daga nan yake, kada ka ɗauki "duk abin da ka yanke" a matsayin ta yarda, zauna da ita ka ji.

Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka shine shekara 12 ɗin nan. Kekuna ana saya a kasuwa gobe, amma mutanen da suka san hannunka, wanda zai aiko da yadi ba tare da awo ba don ka riga ka san kafaɗarsa, wanda ya kawo ɗansa ya kawo angon ƙanwarsa, waɗannan basa shiga mota su bi ka. A Abuja daga sifili zaka fara, a cikin teloli da suka zo daga Kano, Zariya, Nijar, Senegal, wasu da injin monogiram na miliyoyi. Abokinka shekara huɗu ya yi kafin ya kai inda yake kiranka yana dariya, ka tambaye shi shekarar farko ya ta kasance, ina ya kwana.

Ni shawarata kada ka saida komai kuma kada ka ɗaga iyali yanzu. Ka bar shago a hannun babba cikin yaran da kake koya wa, ka tafi kai kaɗai kafin azumi ka zauna a shagon abokinka zuwa babbar Sallah, lokacin da aiki ke yi wa kowane tela yawa har yana neman hannu, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi, har kuɗin ruwan leda. Sannan ka daure ka ƙara wata biyu bayan Sallah, don lokacin da kasuwa ta mutu shi zai nuna maka gaskiyar garin, ba lokacin rububi ba.

Akwai ma wata hanya da teloli da yawa ke bi yanzu, a karɓi aiki a Abuja a ɗinka a gida. Kwastoma ya ga aikinka a status na WhatsApp ko Instagram, ya turo awo da kuɗi ta transfa, ka ɗinka a Funtua inda hayarka ke da sauƙi, ka ba direba a tasha ta Zariya da Kaduna ya sauke a Zuba ko Jabi. In ka je watannin nan ka tara lambobin mutum ko ashirin da suka yaba hannunka, to kana iya cin kuɗin Abuja kana kwana a ɗakinka. In kuma littafin ya nuna bayan haya da mota da abinci abin da ya rage ya ninka na gida, sai ka kama ɗaki kusa da shagon, ka bari yara su gama zangon karatu kafin ka zo ɗaukarsu, kuma ka binciki takardun gidan sosai don rusau a Abuja ba sabon abu bane. Ka rubuto mana bayan Sallah mu ji abin da littafin ya ce.