Haɗa karatun lauya da kimiyyar kwamfuta a Ostiraliya: amsa ga ƙanenmu

Wa alaikumussalam ƙanena. Ka ce ka samu gurbi a Ostiraliya na digiri biyu a haɗe, shari'a da kimiyyar kwamfuta, Baba kuma ya ce maka taura biyu ba ta taunuwa, ka zaɓi ɗaya. Ni wannan karatun na yi, don haka bari in gaya maka yadda yake daga ciki.

Tsarin ba baƙon abu ba ne a can. Jami'o'i irin su UNSW da ke Sidni da Monash da ke Melbon suna yin sa, kuma ɗaliban shari'a da yawa a ƙasar haɗa ta suke yi da wani fanni. Kwamfuta ita kaɗai shekara uku ce, shari'a huɗu, sai a matse bakwai ɗin su dawo wajen biyar. Kwasa-kwasan zaɓi ake zubarwa, a bar maka na dole. Na dolen shari'a kuwa babu ragi, domin akwai fannoni 11 da ake kira Priestley 11, irin su dokar kwangila, laifuka, kadara, kamfanoni, shaida da tsarin mulki, waɗanda sai ka ci su duka kafin a yi maganar zama lauya. Bayan digirin ma akwai horon aiki na wasu watanni kafin kotu ta rantsar da kai.

Wahalar ba a yawan karatu kaɗai take ba, a sauya kai take. Da safe kana ajin kwangila, an ba ka labarin wani da ya yi alkawarin sayar da mota sannan ya janye, ana so ka kawo hujjar kowane ɓangare, ka faɗi inda kake ganin alƙali zai karkata. A nan "ya danganta" amsa ce mai maki idan ka iya kare ta. Da dare kuma kana gaban allo da manhajar da ka rubuta da harshen kwamfuta na C, injin gwaji ya jero maka jan rubutu, babu ruwansa da hujjarka. Sai ka kai sha biyun dare kana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ashe wata alama guda ce ta zauna inda bai kamata ba, ga hukuncin kotu mai shafuka barkatai yana jiranka a gefe da alƙalamin shafa launi a kansa. Makon da ayyukan ɓangarorin biyu suka faɗo tare, tsangayar shari'a ba ta san da zaman ta kwamfuta ba. Kai ne za ka san yadda za ka yi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne yadda ake jera kwasa-kwasan. A tsarin da na bi, kwamfuta ce ta cika shekarun farko, shekaru biyun ƙarshe kuma kusan shari'a ce zalla. Na ga abokan karatu da suka iya rubuta manhaja sosai a shekara ta uku, ranar kammalawa hannunsu ya yi sanyi, ko gwajin ɗaukar aiki na kamfanin fasaha ba su yarda su zauna ba. Sun fita da takarda biyu, amma sana'a ɗaya. Idan za ka yi, ka ɗaura niyya tun yanzu cewa ba za ka ajiye rubuta manhaja ba ko da babu mai ba ka maki. Ni wata 'yar manhaja na riƙe, mai tsamo sunayen shari'u da sassan doka daga hukunce-hukuncen da ake ba mu, kullum ina gyara ta. Ita ta riƙe min hannu.

To, ya cancanci wannan wahala? A ganina e, ga wanda yake son mahaɗar fannonin biyu da gaske. Dubi abin da ake kira Robodebt a can Ostiraliya. Hukumar tallafi ta ɗauki kuɗin shigar mutum na shekara daga ofishin haraji, kwamfuta ta raba shi daidai-wa-daida a kan kowane mako biyu, sai ta yanke cewa an biya shi tallafi fiye da haƙƙinsa, aka aika masa takardar bashi. Wanda ya yi aiki wata uku ya zauna wata tara, lissafin ya mayar da shi kamar ya shekara yana aiki. A 2019 gwamnati ta amince a kotu cewa hanyar ta saɓa doka, hukumar bincike ta musamman kuma ta fitar da rahotonta a Yulin 2023, bayan dubban talakawa sun sha azaba. Mutumin da zai karanta dokar tallafin, ya kuma buɗe lissafin ya nuna layin da ya kauce mata, irinsa ake nema kuma ba su da yawa.

A gida Najeriya ma ƙofar a buɗe take. Muna da dokar laifukan intanet ta 2015, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ga sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 wanda ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar. A shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ce takardun da aka buga daga shafukan intanet ba su karɓuwa saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Amma ka sani, digirin waje ba ya sa ka tsaya gaban alƙali a Najeriya kai tsaye. Sai ka shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, ka fara da kashi na farko da ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje don koyon dokokin ƙasa, sannan ka bi sahun kowa a kashi na biyu. Shari'ar Musulunci kuwa, irin wadda ake haɗawa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ba za ka same ta cikin na dolen can ba.

Maganar Baba tana da tushe ta fuskar kuɗi. Ɗalibin waje yana biyan cikakken kuɗin makaranta, shekara biyar kuma ba uku ba ce. Biza ta ƙayyade aiki zuwa awa 48 a mako biyu lokacin karatu, wannan jadawalin kuma da ƙyar zai bar ka ka cike su. Kada ka gina lissafinka a kan aikin gefe.

Kafin ka amsa wa jami'ar, gwada kanka na wata guda. Ka fara koyon harshen kwamfuta na Python kullum, ka kuma shiga shafin intanet na AustLII, inda ake sa hukunce-hukuncen kotunan Ostiraliya kyauta, ka karanta guda daga farko har ƙarshe, ka taƙaita shi a shafi ɗaya. Idan ɗaya ya gundure ka tun yanzu, ka ɗauki ɗayan hankali kwance. Idan duka biyun sun ja ka, ka rubuta wa jami'ar ka nemi jadawalin kwasa-kwasan shekara-shekara, ka tambaye su sharuɗɗan ajiye ɗaya bayan shekarar farko da yadda hakan zai shafi bizarka. Amsarsu a rubuce za ka kai wa Baba ku zauna a kanta, ka kuma yi istihara. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.